Yadda ginin shafukan yanar gizo ya zama sana'ar da ake koyo da ido

A mafi yawan sana'o'in na'ura, gwani yakan ɓoye sirrin aikinsa, mai saye ya ga kaya bai ga yadda aka ƙera su ba. Ginin shafukan yanar gizo ya saɓa wa wannan al'ada tun ranar farko, kuma wannan ne ya sa ɗan koyo wanda ba shi da malami ko digiri ya sami hanyar shiga.

A watan Maris na 1989 Tim Berners-Lee, ɗan Ingila mai aiki a cibiyar binciken CERN kusa da Janeba, ya gabatar da shawarar haɗa takardun masana ta yadda kowace takarda za ta iya kai mai karatu ga wata. Kafin ƙarshen 1990 ya rubuta manhajar farko ta buɗe shafuka a kan kwamfuta ƙirar NeXT. Manhajar tana karanta shafi, tana kuma rubuta shi, domin a tunaninsa mai karatu da marubuci mutum ɗaya ne. Sai dai kwamfutar NeXT tana da tsada, ƙalilan ne suka mallake ta. Wadda aka ɗora wa aikin rubuta manhaja mai sauƙi da za ta yi aiki a kusan kowace na'ura ɗaliba ce, Nicola Pellow, mai karatun lissafi a Leicester, wadda ta je CERN koyon aiki. Manhajarta ta fita a 1991. Ke nan hannun ƴar koyo yana cikin tubalin ginin.

Harshen da ake rubuta shafi da shi, HTML, ƙarami ne a lokacin. Takardar farko da ta bayyana shi a ƙarshen 1991 ta lissafa alamomi 18 kacal: ta kanun magana, ta sakin layi, ta jeri, da ta mahaɗi mai kaiwa wani shafi. Rubutu ne na fili, wanda idon mutum ke iya bi. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar ga kowa, ba tare da neman ko dala ba. A wannan shekara manhajar Mosaic, da Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta a jami'ar Ilinoi ta Amurka, ta sa hoto da rubutu a shafi guda, jama'a suka yi ca.

Abin da ya fi amfanar ɗan koyo shi ne wani ɗan umarni da manhajojin suka zo da shi, mai nuna asalin rubutun kowane shafi. Mutum ya ga shafin da ya burge shi, ya buɗe cikinsa, ya kwafa, ya canza kalma ɗaya, ya duba abin da ya faru. Gani ya kori ji. Haka yaron maƙeri ke zama gefen zugazugi yana kallon hannun maigidansa, sai dai a nan duk maƙeran duniya ne suka bar ƙofa a buɗe.

Sauran harsunan sun zo ne ɗaya bayan ɗaya, kowane don toshe wata kafa. A 1994 Håkon Wium Lie, ɗan Norwe, ya kawo shawarar CSS domin a raba adon shafi, wato launi da girman haruffa da jeri, daga abin da shafin ke faɗa. Aka amince da ƙa'idarsa ta farko a Disamba 1996. A Mayu 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya rubuta zubin farko na JavaScript cikin kwana 10, da nufin ya zama harshen da wanda ba ƙwararre ba zai iya sa shafi ya amsa taɓin mai karatu. Shi ya sa har yau mai farawa yakan bi jerin nan: HTML, sannan CSS, sannan JavaScript. Darussansa suna bin sawun tarihin ne.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wata matsala ta daban. Tsarin haruffan da shafukan farko suka dogara da shi na harsunan yammacin Turai ne, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Tsarin Unicode na 1991 ya tanadi waɗannan haruffa, Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8 a 1992, HTML 4.0 kuma ya rungumi Unicode a 1997. Duk da haka an daɗe ana ganin akwatuna da alamun tambaya a gurbin haruffa masu ƙugiya, har marubuta da yawa suka saba da zubar da su, ƙasa ta koma kasa. Yanzu kusan dukkan shafuka da UTF-8 suke, kuma layi ɗaya a kan shafi, mai sanar da wannan tsari, ya isa a rubuta Maraɗi daidai.

Ƙofar da aka buɗe a 1993 ta ɗan tsuke. Manyan shafukan yau injuna ne ke matse rubutunsu har ido ba ya iya binsa, yawancin manhajojin wayar hannu kuma ba sa nuna umarnin duba asalin shafi a jerin zaɓinsu, alhali da waya matasa da yawa suka san intanet. Amma a kwamfuta umarnin yana nan, kuma shafin da aka rubuta da alamomin 1991 yana buɗewa har yau. Malamin da ke da kwamfuta ɗaya a aji, ko ƙungiyar da ke da tatsuniyoyi da tarihin gari a ajiye, ba sa buƙatar intanet don darasin farko: manhajar rubutu, alamomi biyar ko shida, da sakin layi guda na Hausa mai cikakkun ƙugiyoyi sun wadatar. Ɗalibin da ya ga shafinsa ya buɗe, ya kuma duba cikinsa ya gane kowane layi, zai iya buɗe na wani ya ci gaba da koyo da kansa.