Sunan Gari a Bakin Buhu: Daga Gonakin Inabin Faransa Zuwa Albasar Galmi

'Yan uwana na Anka da Gummi da Bukkuyum, labarin da zan kawo yau ya faro ne a gonakin inabin da ake matsa giya da shi. Giya haramun ce, kuma tun 2000 doka ta hana ta a Zamfara. Abin da ya ja ni shi ne gwagwarmayar manoman, domin akwai rabonmu a cikinta.

Kudancin Faransa ƙasa ce mai zafin rana da ƙarancin ruwan sama. A yankin Languedoc da kwarin kogin Rhône, inabi ne hatsinsu, shi ne kuma kuɗinsu. Wajen 1863 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo daga Amurka, ya bi gonaki yana busar da su. A 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon na Montpellier ya gano shi a jikin saiwar. Maganin da ya tsaya a ƙarshe shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a dasa gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura masa reshen na Faransa.

Gonaki sun farfaɗo, sai wata masifar ta taso. A shekarun da kaya ya yi ƙaranci, 'yan kasuwa sun saba da algus, suna haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi su sayar da sunan garuruwan da suka yi fice. Manoma kuma suka cika ƙasa da irin Aramon mai yawan 'ya'ya marasa inganci. Farashi ya faɗi warwas. A watan Maris na 1907 wani manomi mai suna Marcelin Albert ya fito daga ƙauyen Argeliers da mutum 87 zuwa Narbonne domin kai kuka. Ranar 9 ga Yuni taron da ya haɗu a Montpellier ya wuce mutum dubu ɗari biyar. Gwamnatin Clemenceau ta turo soja, aka kashe mutane a Narbonne, har wata runduna ta 'ya'yan yankin ta yi tawaye ta koma Béziers wajen iyayenta. Kafin watan ya ƙare, ranar 29 ga Yuni, majalisa ta yi dokar hana algus.

Amma aikin da ya fi ɗorewa a garin Châteauneuf-du-Pape aka yi shi, kusa da Avignon. A 1923 manoman garin, ƙarƙashin Baron Le Roy, suka zauna suka rubuta wa kansu ƙa'ida: ga iyakar ƙasar da za ta ɗauki sunan, ga irin da aka yarda a shuka, ga yadda za a tsinke da hannu a ware ruɓaɓɓe. Ƙasarsu cike take da mulmulallun duwatsu masu riƙe zafin rana, irin Grenache da Syrah da Mourvèdre kuwa suna son haka. A 1935 gwamnati ta mayar da wannan tsari dokar ƙasa, a 1936 garin ya shiga sahun farko na waɗanda aka kare wa suna. Daga ranar, wanda ya liƙa sunan a kan kayan wani wuri ya yi sata, kotu ce za ta raba su.

Mu kuwa an taɓa yi mana wannan satar tun da daɗewa. Fatar jan akuyar ƙasar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme, ta riƙa ratsa Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai da sunan fatar Maroko. Wahala tamu, suna na wasu. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun farga. Galmi gari ne na Hausawa a jihar Tawa, kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma jar albasarsa ta yi suna har Abijan da Akara saboda ƙarfinta da jure ajiya. A 2006 wani kamfanin iri a Senegal ya nemi a yi masa rajistar mallakar irin da sunan Galmi a hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI da ke Yawunde. Manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye, dole kamfanin ya saki sunan. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar suna da takardar kariya ta wannan hukuma mai ƙasashe 17, kamar yadda barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka samu tun 2013. Najeriya ba ta cikin ƙasashen.

To, ku dubi namu. Shinkafar fadamun gulbin Zamfara, da wake, da fata, da kifin da ake banda a ƙasar Gummi, duk a mota ake loda su ba suna ba alama. Da sun isa Kano ko Legas, dillali ne ke raɗa musu sunan da ya ga dama, ya gauraya mai kyau da maras kyau. Na sani rashin tsaro ya hana da yawa zuwa gona, gubar dalma ta 2010 kuma ta sa duniya ta san Bagega da Dareta da 'Yargalma da baƙin labari kawai. Duk da haka mutanen Châteauneuf ba su jira gwamnati ba, shekara 12 suka yi da ƙa'idarsu kafin dokar ƙasa ta iso. Sarkin noma da ƙungiyar manoman gari ɗaya sun isa su fara: su tsai da iri ɗaya, su hana zuba tsakuwa da jiƙa kaya, su buga sunan garinsu a bakin buhu.