Kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa

Kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa cuta ce da bangon jijiya ke yin rauni har ya bunƙuro kamar ƙaramin ƙullutu. Yawanci ba ya nuna wata alama sai ranar da ya fashe, inda jini ke malala a kewayen ƙwaƙwalwa, mutum ya ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, wani lokacin da amai, sanƙarewar wuya ko suma.

Shekaru na da tasiri sosai. Ba kasafai ake samunsa ga yara ba; ya fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan ɗaukewar haila. Hawan jini da shan taba na ƙara haɗarin. Idan ya fashe wa tsoho, murmurewa ta fi wuya, saboda sauran cututtukan tsufa da rashin ƙarfin jure tiyata.

Maganinsa tiyata ce: a danne wuyan kumburin da ɗan maƙalen ƙarfe, ko a toshe shi ta cikin jijiya. Akan tura wasu majinyata zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.