Ranar da Kano Ta Janye Ƙararta a Kan Pfizer

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna birane ba su manta da annobar sanƙarau ta shekarar 1996 ba, wadda ta hallaka dubban mutane a Arewa. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano, ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin. Rabinsu aka ba su Trovan, sauran kuma wani magani da aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin kuwa ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba.

A shekarar 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, gwamnatin Kano ta maka kamfanin a kotu tana neman diyyar kimanin dala biliyan 2. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, yau ɗage zama, gobe gardamar lauyoyi. Daga bisani, a 2009, aka yi sulhu a wajen kotu a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuma kuɗin shari'a. Kano ta janye ƙararta.

Mai ƙara yana da ikon janye ƙararsa, amma akwai abin da yake saryarwa. Da aka janye wannan, babu alƙalin da ya yanke hukuncin wanda ke da laifi, kuma kamfanin ya biya ba tare da amsa laifi ba. A ganina wannan ne ya fi ci wa iyaye rai, fiye da ƙarancin kuɗin.

Karɓar diyyar ma ba ta zo da sauƙi ba, domin an gindaya sharaɗin gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka, abin da iyalai da dama suka ɗauka a matsayin tuhuma. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.