WAIWAYE ADON TAFIYA: WA KE BIYAN KUƊIN NAZARIN AL'UMMARMU?

Duk shekara idan kwamitin ilimi na wannan ƙungiya ya zauna rabon tallafin karatu, sunayen da ake fara kira su ne na masu karatun likita da injiniya, sai lauya in an samu rara. Ba mu ga laifin haka ba, domin mai ciwo likita yake nema. Amma akwai wani fanni da muka daɗe muna yi wa kallon hadarin kaji, wato nazarin zamantakewar jama'a, da siyasa, da tattalin arziki, da tarihi, musamman a matakin digiri na uku, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir. Shi wannan karatu ba a yin sa da kuɗin aljihu. Shekara uku ce zuwa biyar mutum yana bincike, ba ya noma, ba ya kasuwa, dole wani ya ɗauki nauyinsa. Tarihin wanda ya riƙa ɗaukar nauyin nan shi muke so mu waiwaya.

Da farko dai baƙi aka riƙa biya su zo su nazarce mu. A 1949 da 1950 wata majalisar bincike ta Ofishin Mulkin Mallaka da ke Landan ta ɗauki nauyin wani matashi haifaffen Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau. Daga aikinsa littafin sarautar Zazzau ya fito a 1960. Matarsa Mary kuwa ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Haka Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafinta kan tattalin arzikin manoma a 1972. Sun yi aiki na ƙwarai, ba mu raina ba. Sai dai tambayoyin da suka yi nasu ne, kuma amsoshin a ɗakunan karatun Ingila suka fara sauka.

Namu mutanen a lokacin gajeren kwas ake tura su. Malam Abubakar Tafawa Balewa ya je Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, kowannensu shekara guda. Malamai ake so su dawo aji, ba masu bincike ba.

Al'amari ya sauya bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Jami'a na bukatar malamai 'yan ƙasa, saboda haka ta riƙa riƙe zaƙaƙuran ɗalibanta, ta ba su aiki, sannan ta sake su karatu albashinsu na tafiya. Ga kuma tallafin Commonwealth da aka kafa a 1959, da na gwamnatin Jihar Arewa. Amfanin wannan shuka ya nuna a shekarun 1970. Mahdi Adamu ya gama a Birmingham a 1974 da nazarin yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma. Ibrahim Tahir ya gama a Cambridge a 1975 da nazarin malamai da attajiran Kano. Yusufu Bala Usman kuwa, Allah ya jiƙansa, a nan Zariya ya yi nasa kan tarihin Katsina, ya nuna ba sai an haye teku ba. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai zamanin UPE ta 1976, har alawus ake ba mu, kuma mun ɗauka haka duniya za ta dawwama.

Ashe rana na gab da faɗuwa. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, naira ta karye, tallafi ya ƙafe, malaman jami'a da dama suka yi ƙaura. Abin lura shi ne, mafitar da aka samu daga hannun masu irin wannan karatu ta fito. Attahiru Jega, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka kan manoman da aikin madatsar Bakolori ya shafa, shi ne shugaban ƙungiyar ASUU lokacin yarjejeniyar 1992. Daga ita aka kafa asusun harajin ilimi a 1993, ana karɓar kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. A 2011 asusun ya koma TETFund, kuma ya biya wa malamai masu yawa karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje. A ƙarshen 2024 ya sanar da dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa.

To, 'yan uwa mazauna Kaduna da Abuja da Ikko, ga inda zancen ya shafe mu. Rikicin manoma da makiyaya, da kwararar matasanmu zuwa birni, da mutuwar kasuwar garinmu, duk abubuwa ne da ake bincike a kansu a ba da digiri, kuma da rahoton masu binciken hukuma ke tsara manufa. In ba ɗanmu a cikinsu, wani zai zo ya yi mako biyu da tafinta ya rubuta mu yadda ya ga dama.

Kuɗin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, don haka ɗanmu da ke koyarwa a kwalejin ilimi ta jiha ya fi wanda ke aikin banki kusa da shi. Sauran masu ba da tallafi, irin su Commonwealth da DAAD ta Jamus da Fulbright ta Amurka, abin da suke fara dubawa shi ne rubutaccen tsarin bincike da shaidar malamai. Yawancin yaranmu a nan suke tuntuɓe, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don ba wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu yadda ake rubuta shi. Muna da farfesoshi da daktoci a rajistar wannan ƙungiya, kuma galibinsu suna zuwa gida hutun Babbar Sallah.