Aikin lauya a cinikin fili da gida: abin da dokar Najeriya ta tanada

A Najeriya, wanda ya sayi fili iznin zama da amfani da shi ya saya, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O yawanci wa'adin shekara 99 take ɗauke da shi. Sashe na 22 na dokar ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan fili, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa.

Kafin biyan kuɗi

Mafi girman aikin lauya yana zuwa ne kafin kuɗi su bar hannun mai saye. Shi ne zai binciki fayil ɗin filin a hukumar filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, don ya tabbatar da sunan mai shi, ya gano ko an jinginar da shi ga banki, ko ana shari'a a kansa, ko gwamnati ta ƙwace shi don amfanin jama'a. Idan gidan gado ne, zai nemi takardar rabon gado daga kotu da yardar magada baki ɗaya. Bayan haka sai ya rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, a biya harajin hatimi, a yi mata rajista. Takardar da dillali da mai unguwa suka sa wa hannu shaida ce kawai cewa an yi ciniki, ba ta maye gurbin rajista.

Idan rikici ya taso

Sashe na 39 ya ba Babbar Kotun Jiha ita kaɗai hurumin sauraron ƙara kan filin da gwamna ya bayar. Shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi na iya cinye shekaru a banza, kuma dokokin jihohi sun ƙayyade wa'adin da za a iya neman fili ta hanyar shari'a.

Zaɓen lauya

Lauyan da ke da iznin aiki yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli, kuma yana liƙa hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a kan takardun da ya shirya. Ƙa'idar biyan lauyoyi ta 2023 ta ƙayyade mafi ƙarancin ladan aiki, don haka ya dace a daidaita kan kuɗin a rubuce tun farko. Ya fi dacewa mai saye ya ɗauki lauyansa na kansa, kada ya dogara da na mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo. Duk lauyan da ya ci amanar wanda yake wakilta ana iya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon cire sunansa daga rajista.