Zumunci ko Cunkoso: Yadda Aka Koyi Karanta Haɗuwar Furotin

A shekarar 1937 ne Max Perutz, haifaffen Austiriya, ya fara nazarin himogulobin a Jami'ar Kambirij da ke Ingila, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Dabarar ita ce a daskarar da furotin ya zama kiristal, a haska masa eksire, sannan a lissafo siffarsa daga yadda hasken ya warwatsu. Sai da ya shafe shekara 22 kafin siffar ta bayyana a 1959: sarƙoƙi huɗu ne riƙe da juna, biyu alfa, biyu beta.

To, a nan gizo ke saƙa. A cikin kiristal ƙwayoyin furotin a cushe suke kamar jama'a ranar kasuwa, kowace tana gogar ta kusa da ita. Wace haɗuwa ce ta zumunci, wadda take nan a jikin mai rai, wace ce kuma ta cunkoso kawai? Hoton eksire ba ya bambancewa.

Da farko masana da ido da gwaji suke yanke hukunci. Amma rumbun Protein Data Bank, wanda aka buɗe a Amurka a 1971 da siffofi bakwai kacal, ya cika har ya kai dubbai, dole aka koma ga kwamfuta. A 1998 Kim Henrick da Janet Thornton suka fito da PQS, manhajar da ke duba faɗin fuskar da ƙwayoyi biyu suka ɓoye a tsakaninsu. A 2007 Henrick da Evgeny Krissinel suka gabatar da PISA, mai ƙiyasta ƙarfin da ake bukata kafin haɗin ya rabu. Wannan ma'auni ya fi ma'ana, sai dai yakan yi tuntuɓe wajen haɗin da ba shi da ƙarfi.

Kuma haɗi mai rauni ba abin rainawa ba ne. A 1975 Warner Love da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka ga himogulobin na masu cutar sikila ya jeru tagwayen igiyoyi a cikin kiristal. Mai gaggawa zai ce cunkoso ne. Daga baya aka tabbatar cewa irin waɗannan igiyoyi ne ke tattaruwa su lanƙwasa jan ƙwayar jini ta zama kamar lauje, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita.