Koyi da Halitta a Matsayin Hanyar Koyar da Ƙira ga Yaran Firamare a Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Koyi da halitta fanni ne na ilimin ƙere-ƙere da ke nazarin yadda tsirrai da dabbobi da ƙwari suke shawo kan matsalolin rayuwarsu, domin a ɗauki dabarar a yi amfani da ita wajen ƙira. Littafin da Janine Benyus ta wallafa a Amurka a 1997 ne ya yaɗa sunan fannin a duniya, amma tunanin ya daɗe. Alƙur'ani mai girma ya kawo labarin ɗan Annabi Adamu da ya koyi binne gawa daga hankaka. Wannan maƙala tana kafa hujjar cewa yaran firamare na Jega da Aliero da Maiyama a jihar Kebbi za su iya fara wannan ilimi ba tare da jiran ɗakin gwaje-gwaje ba, domin kayan karatun suna kewaye da su.

Darasin Ƙarangiya

A 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga farauta ya tarar 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a tufafinsa da gashin karensa. Da ya duba su da madubin ƙara girma, sai ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne suke kama zare. Daga nan ya ƙera maɗaurin nan na Velcro da ake gani a takalman yara da jakunkunan makaranta.

Duk yaron da ya taɓa bin akuya zuwa daji a Maiyama da kaka ya san ƙarangiya. Ya san yadda take kama gindin wando, da yadda take komawa yatsa idan an zo cire ta. Abin da ya rage shi ne malami ya tambaye shi dalili. Idan aka ba yara ƙarangiya da ƙyallen atamfa da leda da guntun buhu, su da kansu za su gano cewa tana kama abu mai zare, tana zamewa a kan mai santsi. Sannan su fahimci cewa da wannan dabara ciyawar take sa dabbobi su kai mata iri nesa.

Suri da Ajiyar Albasa

Misali mafi kusa da tattalin arzikin yankin shi ne suri. Gara tana gina shi da hanyoyi masu yawa a ciki, waɗanda iska ke ratsawa. Mai zanen gine-gine Mick Pearce ya ɗauki tunani daga nan ya zana ginin Eastgate da aka buɗe a Harare, babban birnin Zimbabuwe, a 1996, wanda yake samun sanyi ta hanyar zagayawar iska maimakon dogaro da na'urar sanyaya ɗaki. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa babban aikin suri ya fi kama da na huhu, wato fitar da gurɓatacciyar iska da shigo da sabuwa.

Wannan ita ce ainihin buƙatar albasa. Aliero ta shahara da nomanta, kuma kowane manomi ya san cewa zafi da laima da rashin iska su ne ke ruɓar da ita kafin farashi ya tashi. Saboda haka ake ɗaga ma'ajinta daga ƙasa, a rufa da ciyawa. 'Yan aji biyar za su iya gina ƙananan rumbuna biyu da laka da kara, ɗaya a toshe, ɗaya mai ƙofofin iska sama da ƙasa. Sai a zuba albasa goma a kowanne, a riƙa ƙirga waɗanda suka lalace duk mako. A aiki guda yaro ya yi ƙira da awo da lissafi, kuma ya koma gida da abin da zai tattauna da mahaifinsa.

Ruwa, Ganye da Gumi

Jega tana bakin gulbin Zamfara, kuma fadama makaranta ce. Ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza dunƙulewa yake yi, ya gangara da ƙurar da ke kai, ya bar ganyen a bushe. Irin wannan siffa ce masanin tsirrai na Jamus, Wilhelm Barthlott, ya yi nazari a kanta, har aka samar da fenti mai wanke kansa da ruwan sama. Haka kuma randa tana sanyaya ruwa kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Da wannan ƙa'ida Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Tsarin Koyarwa

Darasin yana bin matakai huɗu: lura, tambaya, ƙira, gwaji. Abin kiyayewa shi ne bambanci tsakanin kwaikwayon siffa da kwaikwayon dabara. Yaron da ya mulmula laka ta yi kama da gidan zanzaro ya yi aikin hannu. Wanda ya gano cewa zanzaro yana ɗora laka kaɗan-kaɗan, zobe bisa zobe, sannan ya gwada haka a nasa ginin, shi ne ya shiga fagen injiniya. Ya dace kuma tattaunawar ta gudana da harshen da yaro yake tunani da shi, domin sunayen ƙarangiya da suri da zanzaro suna tafe da ilimin da ya riga ya tara.

Kammalawa

Manhajar kimiyya da fasaha ta matakin farko ta riga ta ƙunshi halittu da muhalli, don haka ba sabon darasi ake nema ba, horar da malamai ake buƙata. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, wadda aka kafa a Aliero a 2006, ita ce ta fi cancanta ta jagoranci aikin tare da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta hanyar bita ga malamai da rubuta ɗan littafin jagora da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma injiniyan da zai magance ruɓewar albasar Aliero yana zaune a aji uku a yau.